Tafiya Bamako sarin shadda a wannan yanayi: in je ko in haƙura?

Maman 'Yan Biyu, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san hanya ya yi magana. Sana'ata sayar da galila ce, na saba zuwa Bamako da kaina in zaɓi shadda, in kai wa masu rini, in tsaya a kan kalar da nake so har a buge ta a gabana. Azumi zai kama cikin Fabrairun 2026, kuma kun san mai son ɗinkin Sallah tun kafin azumi yake sayen kayansa, domin tela ba ya karɓar aiki in an kai azumi goma. Ke nan in zan tafi, to cikin Disamban nan na 2025 ne ko farkon Janairu. Maigida ya ce ba zai hana ni ba, amma ransa bai kwanta ba. Ƙanena da muke tafiya tare ya ce duk abin da na yanke shi ke nan. Abin da ya fi damuna, kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai adashen da na kwasa, akwai kuma sautun kayan lefe da aka ba ni. Labaran da nake ji daga Mali sun hana ni barci, amma in na zauna kasuwar Sallah ta wuce ni, ita ce kuwa ke riƙe ni har shekara ta zagayo.

Direban Kamba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da na sani shi zan hwaɗa miki. Kamba zuwa Gaya, Gaya zuwa Dosso, Dosso zuwa Yamai, mutane na bi kullum. Shingaye ne barkatai da tambayar takardu, amma da rana ana wucewa. Wahalarki ba nan take ba. Daga Yamai in kin nufi Wagadugu ta Torodi da Makalondi da Kantchari har Fada N'Gourma, wagga hanya direbobin da na sani duk sun bar ta. Manyan motoci ta Tera da Dori da Kaya suke bi, su ma sai an tara su soja ya yi musu rakiya, mota na iya yin makonni tana jiran ayari ya tashi. In Allah ya fisshe ki Burkina kuma, akwai Sikasso zuwa Buguni zuwa Bamako, inda anka riƙa ƙone tankokin mai. In dai ta ƙasa ce, ko ɗiyar da na haifa ba ni barin ta bi.

Ɗan Yauri:
Ku yi haƙuri, amma yawancin abin nan farfagandar Faransa ce. Tun da Mali da Burkina da Nijar suka kore su suka kafa ƙawancensu na AES, kullum gidajen rediyonsu cewa suke Bamako za ta faɗi gobe. To ga ta nan ba ta faɗi ba. Hajiya kada a tsorata ki da labarin Turawa.

Malamin Makaranta, Argungu:
Ƙanena na Yauri, ni ma ba na son yadda Faransa ta riƙe ƙasashen nan shekara da shekaru, amma kada ƙin Faransa ya sa mu tura 'yar'uwarmu cikin wuta. Tun farkon Satumba na 2025 ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Al-Ƙa'ida ta sanar cewa ta hana shigar da mai Mali, ta riƙa kai wa tankokin da ke fitowa daga Senegal da Kwaddibuwa hari. Mali ba ta da teku, yawancin man da take sha ta waɗannan hanyoyi yake shigowa. Gwamnatin Janar Assimi Goita da kanta ce ta rufe makarantu da jami'o'i daga 27 ga Oktoba zuwa 9 ga Nuwamba saboda malamai da ɗalibai ba su da man zuwa aji. Wannan ba Bature ne ya faɗa ba, ministansu ne ya fito talabijin ɗinsu ya sanar. Daga baya Amurka da Faransa suka ce wa mutanensu su fice. Ka cire maganar Turawan gaba ɗaya in ka so, rufe makarantun nan kaɗai ya isa mutum ya tsaya ya yi tunani. Kuma cikin Bamako kanta, ranar 17 ga Satumba 2024 an kai hari makarantar jandarmomi da kuma filin jirgin sama.

Ɗan Yauri:
Malam na ji. Amma ai ba ta faɗi ba dai.

Malamin Makaranta, Argungu:
Ba ta faɗi ba, muna kuma roƙon Allah kada ta faɗi. Sai dai ba faɗuwar gari Hajiya ta tambaya ba. Tambayarta ko za ta je da kuɗin mutane ta dawo da kayan mutane kafin azumi.

Alhaji Mai Shadda, Jega:
Ni dai zan saɓa muku. Na tsufa cikin wannan sana'a. A 2012 da Kyaftin Sanogo ya kifar da Amadou Toumani Toure, arewacin Mali duk ya fita hannun gwamnati, muna saye muna sayarwa. A 2020 aka cire Ibrahim Boubacar Keita, a 2021 aka sake wani juyin, kasuwa ba ta tsaya ba. Wanda ya ce sai Mali ta lafa zai yi sari, to ya nemi wata sana'ar. Kuma ku da ba ku cikin harkar ba ku san abin da aike yake jawowa ba. Ka tura kuɗin babbar shadda Getzner a aiko maka da mai bi mata, an sa mata sitaci ta sha bugu tana ƙyalli, sai an wanke sau ɗaya mai kaya ya dawo maka da ita. Ka ce shuɗi mai duhu a aiko maka da wani abu daban. Sunanka da ka gina shekaru ya lalace a Sallah guda. Shawarata ɗiyata, ki bar maganar mota, direba ya yi gaskiya. Ki hau jirgi daga Legas ko Abuja, akwai ASKY ta Lome, akwai na Kwaddibuwa ta Abidjan. Ki sauka Bamako, ki yi kwanakinki cikin gari, kada ki leƙa ko bayan gari, ki dawo. Ribar za ta ragu saboda kuɗin tikiti, amma kin riƙe masu sayenki.

Maman 'Yan Biyu, Birnin Kebbi:
Baba Alhaji na gode, wallahi abin da ka faɗa kan aike shi ne tsorona. Tikitin mutum biyu ne fa, ni da ƙanena, don maigida ba zai yarda in tafi ni kaɗai ba. In na cire wannan daga jarin, abin da ya rage ba shi da yawa.

Tsohon Ɗalibin Khartoum, Gwandu:
Baba Alhaji, da girmanka, ina so in yi magana a kan jirgin nan, domin ni ma da na ɗauka wanda ke da tikiti a hannu yana da mafita.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi a Khartoum, muna cikin goman ƙarshe na azumi. Daren Juma'a mun yi tarawihi lafiya, wasu sun yi sayayyar Sallah. An daɗe ana jin cewa soja da dakarun sa-kai na RSF ba su jituwa, kowa na cewa 'yan siyasa ne za su sasanta. Da safe harbi ya fara, kuma wurin da aka fara rufewa shi ne filin jirgin sama, har jiragen da ke ajiye aka ƙone. Masu tikitin komawa gida hutu suna riƙe da takarda kawai. Bankuna suka rufe. Wanda kuɗinsa ke cikin waya sai ya jira intanet, ita kuma tana zuwa tana ɗaukewa. Ruwa ya yanke, wuta ta yanke. Iyayenmu a gida suna da kuɗin da za su turo, babu ta inda zai iso. Da aka samo motocin safa aka nufi iyakar Masar, mutane sun yi kwanaki a Argeen cikin rana da sahara, mata da yara, ana jiran izinin shiga. Rukunin farko bai sauka Abuja ba sai 3 ga Mayu. Wasu ta Port Sudan aka kwaso su daga baya.

Mu ɗalibai ne dubbai, duniya ta san da mu, gidajen rediyo na ta magana, shi ya sa aka turo motoci da jirage. Yaya, ke da ƙanenki ku biyu ne, babu wanda ya rubuta sunanku a ko'ina. Ban ce abin da ya faru a Khartoum zai faru a Bamako ba, Allah ya kiyaye. Amma kafin ki sayi tikiti ki tambayi kanki, in aka rufe filin jirgi ina nan cikin gari, ta ina zan fita? A Sudan ko ba komai akwai hanyar Masar. A Bamako hanyoyin motar da za ki gudu ta cikinsu su ne ainihin inda matsalar take. Wannan ne ya sa hankalina bai kwanta da shawarar jirgin ba.

Alhaji Mai Shadda, Jega:
Yaro ka ga abin da ban gani ba, Allah ya ƙara tsarewa. Amma Sudan sojoji biyu ne suka juya wa juna bindiga cikin birni. Mali ba haka ba ne.

Tsohon Ɗalibin Khartoum, Gwandu:
Haka ne Baba. Sai dai ka duba watan jiya. Ranar 26 ga Nuwamba 2025 sojoji suka karɓi mulki a Guinea-Bissau suka rufe iyakoki, tsohon shugabanmu Goodluck Jonathan yana can sa ido kan zaɓe, shi ma sai da ya maƙale kafin a fito da shi. Ranar 7 ga Disamba kuma ga sojoji a talabijin ɗin Kwatano suna cewa sun kifar da shugaban Benin Patrice Talon, har sai da Najeriya ta tura jiragen yaƙi. Kwatano fa, inda muke ganin kamar Legas ce. In mai tsohon muƙamin shugaban ƙasa ya rasa jirgi na kwana guda, 'yar kasuwa ta kwana nawa za ta rasa?

Direban Kamba:
Rufe iyaka kam mu munka san ɗacinta. Da anka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta zauna Abuja ranar 30, kafin mu farga an garƙame. Motoci sunka yi layi da albasa da kayan gwari har sunka ruɓe. Mutanen da sunka tahi Gaya cin kasuwa sai ta daji da babur ko ta kwalekwale sunka dawo, kuɗin ƙetarewa ya ninka. Ba a buɗe ba sai Maris 2024. Kahin nan ma, rufewar 2019 ta Buhari, an buɗe Illela a Disamban 2020 amma Kamba sai Afrilun 2022. Gadar Gaya da Malanville kuwa ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba. Mai rufe iyaka ba ya sallama, Hajiya. Kuma batun takarda, tun da ƙasashen nan ukku sunka fita ECOWAS a Janairun 2025, an ce dai shiga ba biza, amma kada ki dogara da ƙaramar takardar tahiya. Ki riƙe fasfo mai sauran kwana da katin allurar shawara.

'Yar Zuru:
Ni abin da ke ba ni mamaki, kuna ta maganar Mali kamar mu nan muna cikin aminci. Ranar 17 ga Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga aka kwashe ɗalibai, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. A 2024 Lakurawa suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie. Mu da ke Danko-Wasagu da Sakaba kullum da rai a hannu muke zuwa gona. Wanda zai bi hanyar Gusau zuwa Funtuwa ai shi ma sai ya yi wasiyya. In tsoro ne zai hana tafiya, to ko Kano ba za mu je ba. Ajali in ya zo ko kan gado ne.

Malamin Makaranta, Argungu:
Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. 'Yar'uwa babu wanda zai musa miki. Amma ke da kike Zuru kin san wace hanya ake bi da safe, wacce ba a bi bayan La'asar, kin san wanda za ki kira ya gaya miki an ga babura a wuri kaza. Wannan sanin shi ke tsare mutane da yawa, bayan tsarewar Allah. Hajiya a Bamako ba ta jin Bambara, Faransancinta na ciniki ne, in an yi sanarwa a rediyo cewa kada kowa ya fita sai wani ya fassara mata. Baƙuwa ce, kuma duk wanda ya gan ta a kasuwa ya san da kuɗi ta zo. In aka tsare ta a shinge babu mai unguwar da zai ce ya san ubanta.

Liman, Kalgo:
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Maganar ajali gaskiya ce, amma ba a nan ake ajiye ta ba. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Babu wanda ya fi su tawakkali, kuma sun juya.

Amma abin da ya sa na sa baki wani ne, na ga kowa ya wuce shi. Hajiya ta ce akwai sautun lefe a hannunta. Wannan amana ce. Masu kuɗin nan sun ba ki ne a kan tafiyar da suka saba gani kina yi, ki je ki dawo cikin mako biyu. Shin sun san yadda hanyar ta koma? In kin tafi kaya suka maƙale, ranar kai lefe ta zo babu akwati, ba ke kaɗai za ki ji kunya ba, gidan ango ne gaba ɗaya. Ki kira kowannensu ki gaya masa gaskiyar abin da kika ji a nan. Wanda ya ce a tafi da kuɗinsa ya yarda da hatsarin, wanda ya ce a dawo masa ki mayar masa ko da ranki bai so. Adashen kuma bashi ne a wuyanki, zubi ba zai tsaya ba don an rufe iyaka. Ki lissafa, in kayan nan suka yi wata uku ba su iso ba, da me za ki riƙa zubi? Bayan wannan ki yi istihara. Kuma maigida da ya ce ba zai hana ba amma ransa bai kwanta ba, ki koma ki zauna da shi, wannan ba izini ba ne cikakke.

Maman 'Yan Biyu, Birnin Kebbi:
Allah ya gafarta Malam, wannan magana ta shige ni. Yau da dare zan kira su ɗaya bayan ɗaya.

Bakabe a Bamako:
Sannunku 'yan gida. Wani ne ya turo mini muhawarar, ni ina zaune nan Bamako ina ɗinki. Gaskiya abin ya yi sauƙi a kan yadda yake a Oktoba, lokacin da mutane ke kwana a gidan mai. Tankoki na shigowa da rakiyar soja, yara sun koma makaranta, kasuwa na ci, jirage na sauka. Wanda ya ce muku gari ya watse bai faɗi daidai ba. Amma wanda ya ce komai lafiya shi ma bai faɗi daidai ba. Wuta ba ta zama, kuɗin mota ya hau, kuma duk wanda na sani yana kaffa-kaffa da fita bayan gari. Ba wanda zai iya ce miki sauƙin nan zai kai Janairu. Mu da ke nan mun saba, muna da maƙwabta, mun san inda za mu fake. In yayata ce ta tambaye ni zan ce bana ta zauna, in tana da amintacce a nan ya tsaya mata.

Alhaji Mai Shadda, Jega:
To ai shi ke nan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni dai har yanzu da ni ne da na hau jirgi, amma ni kuɗina ne kuma 'ya'yana sun girma. Ɗiyata in kin tsaya kan aike, ga yadda za ki yi. Kada ki tura kuɗin gaba ɗaya. Ki fara da kashi ɗaya cikin huɗu. Mai rinin da kika saba da ita ta nuna miki shaddar ta bidiyo tun tana fara, ki ga tambarin da ke bakin yadin kafin a tsoma ta. Ki ɗauki ƙyallen kalar da kike so a hoto cikin hasken rana, ba cikin ɗaki ba. In na farko ya iso kin wanke gefe kin gamsu, sai ki tura saura. Na lefen kuwa kada ki haɗa shi da wannan caca, ki shiga Kantin Kwari ki saya musu, ribar kaɗan ce amma akwati zai cika a kan lokaci.

Ɗan Yauri:
Ni dai ina nan kan cewa ana zuzuta abin. Amma tunda na Bamako ya ce ta zauna, ba ni da ta cewa.

Maman 'Yan Biyu, Birnin Kebbi:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na yi magana da masu sautu. Biyu sun ce a saya musu a Kano, ɗaya ta ce ita galilar Bamako take so ko da za ta makara, bikinsu sai bayan Babbar Sallah. Mun zauna da maigida, bana ba zan je ba. Zan bi tsarin Baba Alhaji in fara da kaɗan. Raina na ƙuna, don na san wasu masu sayena za su koma wajen wasu, kuma mai rinin nan tawa ita ma da cinikinmu take ciyar da gidanta. Saura tambaya ɗaya, kayan ta ina za su biyo?

Direban Kamba:
Ita ce babbar tambaya Hajiya, don kaya ma hanyar da munka hana ki ita za su bi in kin ba motar ƙasa. Ki tambayi mai rinin ko akwai masu haɗa kaya su auna a kilo su sa a jirgi zuwa Legas ko Kano. Ya fi tsada, amma na farkon nan ba shi da nauyi. In kuma dole sai ta Yamai, ki sa a rubuta sunan wanda zai karɓa can, ki hwaɗa mini ranar da ta taso, ni kan shiga Dosso duk mako, sai in tambayi yaran tasha ko ayarin Tera ya iso.